Doguwar Mota a Mashigin Rafi

Shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasar nan, ina ɗakin mijina a Ƙanƙara, ban daɗe da haihuwar fari ba. Malam, haka nake kiran maigidana, ɗan kasuwar hatsi ne. Yakan sayi dawa da masara a 'Yankara da ƙauyukan gefenta, ya ajiye, in kaya sun yi daraja ya sayar wa masu manyan motoci. Ba attajiri ba ne, amma a lokacin ko mai tallan goro sai da ya ji nauyi a aljihunshi. Malaman makaranta suka hau babura, 'yan kasuwa suka yi ta sayen ƙananan motocin nan na Faransa masu tsallake rami kamar awaki. Kowa so yake a gan shi da sabon abu.

Manyan motocin Amurka kuwa, waɗanda 'yan kwangila da manyan ma'aikata suka yi yayi a da, sai aka juya masu baya. Aka ce sun cika shan mai, aka ce kayan gyaransu sai an je Kano ko Kaduna, can ɗin ma sai an yi sa'a. Mutum zai wuce ƙofar gidan wani babba ya ga irinta jibge a gindin itacen bedi, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Irin wannan Malam ya gani a gidan wani Alhaji da suke hulɗa, ya dawo gida ko tuwo bai iya ci ba don zancenta. Alhajin dama ya gaji da ganinta, ya bar mashi ita da arha.

Ranar da aka kawo ta, lungunmu ya yi mata kaɗan, sai a bakin hanya aka tsayar da ita. Na leƙa ta zaure. Ban taɓa ganin ƙaramar mota mai wannan tsawo ba. Koriya ce mai duhu, gabanta da haƙoran ƙarfe masu ƙyalli, fitilu bibbiyu kowane gefe. Duk tsawon nan kuma ƙofa biyu ce kawai gare ta, kowace da nauyin ƙyauren shago. Mai zama baya sai an kwantar da kujerar gaba ya sunkuya ya shiga. Tun nan gabana ya faɗi. Na ce a raina, wanda ya shiga bayan nan ba zai fita ba sai na gaba ya ga dama.

Kawun Malam ya zo da sandarshi, ya zagaye ta a hankali, ya ƙwanƙwasa taya, ya ce, "Wannan ai rumbu ne mai ƙafa. Mi za ka riƙa ba ta? Masu ita ma sun gaza ciyar da ita."

Malam dariya kawai ya yi, yana shafa bayanta da hannun riga. Samarin unguwa suka sa mata suna Doguwa. Ban so sunan ba, don a garinmu ba a ambatonshi haka kawai, sunan aljana ne. Na roƙi Malam ya hana, ya ce ba ya iya rufe bakin yara. Sunan ya bi ta.

Ba zan ɓoye ba, motar tana da daɗi. Kujerunta sun fi katifar ɗakina laushi. In tana tafiya a burji, mutum ba ya jin dutse ko rami, lilo kawai take yi da shi kamar goyo. Iya, uwar Malam, wadda ba ta hawa babbar mota sai ta yi amai, a cikin Doguwa barci take yi har da minshari. Ba ta da kuloci, giyarta a jikin sitiyari take, Malam ya ja ɗan ƙarfe sau ɗaya ya jingina, hannu ɗaya a taga. Gilasanta kuma ba a murɗa su da hannu, wani ɗan maɓalli ake dannawa su sauka da kansu, su hau da kansu. Wannan shi ya fi burge mutane. A kasuwar 'Yankara dattawa kan zo su ce a danna su gani, a danna, su yi salati su koma gefe. But ɗinta yana cin buhuna kamar ba a sa komai ba. Ta kai matan unguwa suna, ta kai amare, ta kai wata maƙwabciyarmu asibiti haihuwa ta zo mata da gardama, aka kwantar da ita a kujerar baya miƙe ba tare da an naɗe mata ƙafa ba. Matar nan har ta bar duniya ba ta yarda a zagi motar a gabanta.

Amma ni ina ganin abin da masu kallo ba sa gani. Warin fetur ba ya rabuwa da ita, har a rigunan Malam, har sai na riƙa hana shi matsowa kusa da murhu. In ta ƙi tashi da safe, ba a tura ta kamar sauran motoci, sai an nemo batir aro. Cikinta ƙasa-ƙasa yake, a hanyar ƙauye tana jan tudun tsakiya, ka ji ƙurrr a ƙarƙashin ƙafarka. Bakanikenmu na Ƙanƙara, wani mai haƙuri, in ya buɗe gabanta sai ya tsaya yana kallo kamar wanda aka kai baƙon gari. Abin da ya lalace, in babu irinshi, ya sassaƙa na wata mota ya cusa, ko ya ɗaure da waya.

Sai kuma birki. Wata rana muna gangarowa daga wajen duwatsun Faskari, ayarin jakai ɗauke da itace suna gabanmu. Na ga Malam yana taka ƙafa yana sakewa, yana takawa yana sakewa, motar kuwa ba ta san yana yi ba. Na ga wuyanshi ya jiƙe. Ya danna oda, masu jakai suka watse cikin gona, muka wuce ta tsakiyarsu muka tafi can ƙasa kafin ta ga dama ta tsaya. Da na yi magana ya ce iska ce ta shiga birkin, za a cire. Daga ranar, duk sanda ya fita da ita, ba na samun natsuwa sai na ji rurinta a bakin lungu.

Ƙarshen damina, lokacin da gero ya fara nuna, aka aiko daga ƙauyenmu na wajen Sabuwa cewa mahaifina yana kwance, yana nemana. Malam ya ce da safe za mu tafi. Iya ta ce sai ta je ta duba surukinta, ta ɗaura ƙullin kanwa da daddawa da 'yar kwalbar man shanu. Ɗana a lokacin ya fara zama, bai fara rarrafe ba. Ni da Iya muka shiga baya, Malam ya maida kujera, ya ɗora kayan tsaraba a kanta.

Muka bi ta Faskari lafiya. Rana na fitowa tana komawa, can yamma da mu hadari ya yi baƙi ƙirin a kan dazuzzuka, amma inda muke yayyafi ne kawai. Iya ta ce iska na shigar mata kunne, Malam ya danna maɓalli gilasai suka hau duka. Bayan azahar muka bar babbar hanya muka ɗauki ta ƙauyenmu, wadda amalanke da jakai suka fi bi.

Kafin a kai garinmu akwai wani rafi. Da rani yashi ne zalla, a nan muke haƙa rijiyoyin wanki muna yara. Da damina yakan kawo ruwa ya janye a yini ɗaya. Na san halinshi, kuma da muka iso mashigin na ga launin ruwan ban so shi ba. Ja ne, da kumfa, yana ɗauke da karmami da ƙananan rassa.

Na ce, "Malam, ruwan nan sabo ne. An yi ruwa a sama. Mu dakata ya wuce."

Ya fita ya tsaya a baki yana dubawa. Daidai nan wani mai keke ya ɗaga kekenshi a kafaɗa ya ƙetare, ruwan bai kai mashi gwiwa ba. A tsallake, gindin wata ɗorawa, akwai wani Bafulatani da shanunshi, ya ɗago sanda yana kaɗa mana ita. Ni na ɗauka cewa yake mu koma. Malam ya ce gaisuwa ce.

Ya dawo ya zauna ya ja ƙofa, ya ce, "In muka tsaya jira, ƙaruwa zai yi, mu kwana nan. Baba kuma yana jiranki. Yanzu za ki ga mun hau."

Iya ta ce, "Kai dai ka yi bisimilla."

Ya yi, muka shiga. Da farko ta tafi sumul, ruwa na tsagewa gefe biyu. Muna kaiwa tsakiya na ji cikinta ya zauna a kan yashi, irin zaman da na saba ji a hanya, amma wannan karon ba ta wuce ba. Malam ya ba ta wuta. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna haƙa, ina jin bayan motar yana nutsewa da mu. Ta karkata wajen dama. Ya maida ita baya, ya maida ita gaba. Sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Shirun da ya biyo baya shi na fi tunawa. Babu abin da ake ji sai ruwa yana gogar ƙarfe, da yayyafi a rufi. Malam ya murɗa makulli, ta yi ƙas, ƙas. Ya sake, ko ƙas ɗin babu.

Ya ce, "Bari in fita in nemo masu turi."

Ya tura ƙofarshi, ta ƙi. Ruwan ta gefenshi yake zuwa, ya danne ta. Ya sa kafaɗa, ta buɗe kamar faɗin yatsa, ruwa ya feso, ta koma ta rufe da ƙarfi. Ya ture kayan tsaraba ya miƙa jiki ga ɗaya ƙofar. Ita kuma gindinta ya shige cikin yashi, ko motsi. Sai ya danna maɓallin gilashi. Na ga yatsanshi a kai, ya danna, ya danna na biyu, ya bi su duka ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya motsa.

A lokacin na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, ruwa ya shigo ta ƙasa, takalmin Iya yana yawo a kai.

Ban yi kuka ba. Na ɗaga yaron daga cinyata na rungume shi a ƙirji, shi kuwa yana ta wasa da ɗankunnena. Ta gilashi ina ganin ruwan yana hawa jikin ƙofa, kuma ba irin na ɗazu ba ne. Wani reshe babba ya taho ya bugi motar, ta girgiza, ya zagaya ya wuce. Iya ta fito da carbi, amma ba ja take ba, damƙe shi kawai ta yi tana maimaita sunan Allah.

Malam ya juya ya kwanta a kujera ya riƙa dukan gilashi da dugadugai. Gilashin motar nan kauri gare shi, ko tsagewa bai yi ba. Ya buga da gwiwar hannu har ta fashe. Ya laluba ƙarƙashin kujera, babu komai, ƙarafan gyara duk suna cikin but. Ya ɗauki kwalbar man shanun Iya ya maka, kwalbar ce ta fashe. Tun da na san shi ban taɓa ganin tsoro a fuskarshi ba sai ranar. Ya juyo ya dube ni, ya dubi uwarshi.

Iya ce ta yi magana, muryarta a kwance. Ba ta kiran sunanshi don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, bar dukan nan haka, ka tara ƙarfinka. Ga mutane can sun gan mu. Ke kuma ɗiyar nan, hau kan kujera ki ɗaga yaron sama."

Na hau na durƙusa, kaina na gogar rufi. Ruwa ya shafe wurin zama, ya jiƙa mani zani har cinya. Numfashinmu ya sa gilasai suka yi hazo, na riƙa gogewa da gefen mayafi don in ga waje. Iska ta yi nauyi a ciki, ga warin fetur da ya taso a kan ruwan, har yaron ya fara tari, daga tari ya fashe da kuka. Abin da ke zuwa mani a rai shi ne, ga ni a rafin da na yi wasa a cikinshi, hayaƙin garinmu ma ina iya hangowa, a nan za a zo a fiddo mu.

A tsallake Bafulatanin nan ya bar shanunshi yana gudu yana kira. Mai keken da ya ƙetare ya dawo, wasu manoma suka fito daga cikin dawa. Na ga suna nuna mu, suna gardama, suna kwance igiyoyin shanu suna ƙullawa. A idona sun daɗe ƙwarai. Daga baya aka ce mani ba su daɗe ba.

Bafulatanin ne ya ɗaura igiya a ƙugu, sauran suka riƙe bakinta suka zagaya da ita jikin ɗorawa. Dogo ne siriri, ba saurayi ba, da furfura a gemunshi. Ya shigo ta sama da mu don ruwa ya kawo shi, gatari rataye a kafaɗa. Ruwan ya kai mashi ƙugu, ya kai ƙirji. Sau ɗaya ya ɗauke shi, muka daina ganin komai sai hula tana tafiya, sannan ya ɓullo ya kama gaban motar. Ya bi jikinta da hannu har ya zagayo gefen da ruwa bai da ƙarfi, ya leƙo, ya yi mana alama mu kauce.

Malam ya rufe mu da babbar rigarshi. Na ji duka ɗaya, na ji na biyu, sai gilashi ya zubo kamar tsakuwa. Iska mai sanyi ta shigo, da ƙarar ruwa wadda ashe rabinta kawai muke ji.

Mutumin ya share bakin tagar da ƙotar gatari, ya miƙo hannu biyu, ya ce, "Yaron tukuna."

Nan ne na kasa. Ina ganin ruwan yana tafasa a ƙirjinshi, na ga yadda ya ɗauke shi ɗazu, ban san shi ba, ban san sunanshi ba, ga shi yana cewa in ba shi ɗana. Hannuna ya ƙi sakin yaron. Malam ya ce in miƙa, na girgiza kai. Ya sake faɗa da tsawa, ban ko dube shi ba.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ina da jikoki. 'Yan maruƙa nake ƙetarwa da su a ruwan da ya fi wannan. Naɗe shi da majanyi ki ba ni."

Iya ta zare majanyin daga kafaɗata, ta naɗe yaron da hannunta, ta tofa mashi addu'a, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ita ta miƙa wa Malam, Malam ya miƙa ta taga. Mutumin ya ɗora shi a ka kamar ƙwarya, ya dafe da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da igiya, na bakin gaɓa suka fara ja. Ban san na yi numfashi ba har suka kai. Ina ganin ɗan farin ƙunshin nan yana tafiya a kan jan ruwa, yana karkata, yana miƙewa. Da ƙafar mutumin ta taka tudu, mai keke ya karɓi yaron ya ɗaga shi sama don in gani. Sai a lokacin kuka ya zo mani.

Ya dawo. Da Bafulatanin ya iso taga aka ce Iya ta fita, ta ce a'a, mai shayarwa ce gaba. Suka yi ta ja da Malam, ruwa kuwa ya kai mana ciki. Na ga gardamar za ta cinye mu, na tsallaka kujerar gaba na fitar da kai. Gilashi ya yanke ni a cinya, tabon yana nan har yau, amma ban ji ba sai da daddare. Sanyin ruwan ya ɗauke mani numfashi, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Mutumin ya ce in kama igiyar ƙugunshi da hannu biyu, kada in dubi ruwa, in dubi ɗorawa. Haka na yi. Zanina ya tafi, da ɗan fatari na fito, wata mata da ta zo kallo ta yafa mani nata.

Fitar Iya ta fi wuya. Mace ce mai jiki, ga tsufa, tagar kuma ba ta da faɗi. Daga gaɓa ina ganin Malam yana turo ta, mutumin yana ja, wani saurayi cikin manoman shi ma ya ɗaura igiya ya shiga ya taimaka. Suna cikin haka motar ta motsa. Bayanta ya juya a hankali kamar za ta bi ruwa, mutanen da ke kusa da ni suka yi salati baki ɗaya. Ta ja kaɗan, ta sake zama, ba ta ƙara gusawa ba. Aka fito da Iya a tsakanin mutum biyu, ta sha ruwa, idonta a rufe, carbin yana naɗe a hannunta. Malam ya fito daga ƙarshe. Ko da ya iso tudu bai zauna ba, ya durƙusa gaban uwarshi yana riƙe da ƙafarta har ta yi amai ta buɗe ido.

Muka zauna gindin ɗorawa muna kallo ruwa ya shafe gaban motar, ya shafe tagogi, ya bar rufin kawai kamar bayan kunkuru. Wani dattijo cikin manoman ya ce nauyinta ne ya cece mu, da irin ƙananan nan ne na yanzu da tuni ruwa ya mirgina ta da mu a ciki. Wani ya ce da ƙaramar ce ai da ba ta zauna a yashi ba tun farko. Suka yi ta yi.

Bafulatanin ya matse rigarshi, ya karɓi gatarinshi, ya tafi tattara shanu da suka bazu cikin gonar mutane. Malam ya bi shi da godiya, mutumin ya ce a bari, ya dai ce, "Na ɗaga maku sanda ku koma." Malam ya sunkuyar da kai.

Kafin magariba aka kawo jaki daga garinmu aka ɗora Iya, ni na goya ɗana na taka. Na sami mahaifina da sauƙi fiye da yadda aka faɗa. Labari ya riga mu isa, yana zaune a bakin gado yana jiranmu, ya karɓi yaron ya daɗe yana shafa kanshi. Allah ya ƙara mashi kwana har bayan an kai amfanin gona gida.

Washegari ruwa ya janye kamar ba a yi ba. Aka haƙe yashi, aka ɗaura shanun huɗa, aka jawo Doguwa tudu, cikinta cike da laka da karmami. Na ɗauka a nan Malam zai bar ta. Bai bar ta ba. Ya sa babbar mota ta ja ta har Ƙanƙara, shi da bakanike suka kwance ta gaba ɗaya, suka shanya kujeru a rana, suka wanke inji da kananzir. Kawu ya zo ya yi faɗa, ya ce so yake sai ta kashe wani. Iya kuwa, da na zaci ita za ta fi kowa tsanarta, cewa ta yi motar ba ta kai kanta rafi ba. Wannan maganar ta fi faɗan Kawu shigar Malam.

Bayan watanni ta tashi. Gilasan dai ba su ƙara motsi ba, Malam ya sa aka cire na ƙofofin gaba ɗaya, in ana ruwa a rataya buhu. Warin laka bai bar ta ba. Sau ɗaya na sake shiga, za mu gaisuwar rasuwa garin Mabai. Ana maida kujera a gabana na ji ƙirjina ya toshe, gumi ya karyo mani, na riƙa dukan kujerar ina cewa a buɗe. Malam ya tsaya, ya fitar da ni, ya zauna tare da ni a bakin hanya har na dawo daidai. Bai yi mani faɗa ba. Ya maida ni gida a ƙasa, ya dawo ya ɗauki motar. Daga nan in tafiya ta kama, ni a motar haya nake zuwa, shi ya bi da Doguwa mu haɗu can.

Ba ta ƙara shekara a hanya ba. Giyarta ta fara ƙin shiga, wata rana ta tsaya a bakin lungunmu, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Bakanike ya ce wannan ciwon ya fi ƙarfinshi, wanda aka kira daga Funtuwa ma ya duba ya wanke hannu ya tafi. Ta zauna a bakin lungu damina biyu. Yaran unguwa suka maida ta wurin wasa, ni kuma kullum ina leƙe, don tsoron kada ƙofar nan mai nauyi ta datse hannun wani ko ta rufe da shi. Da na gaji na sa almajiran maƙera suka cire ƙofofin aka jingine a zaure. Malam ya dawo kasuwa ya gani, ya tsaya, ya wuce ciki.

Daga baya maƙeran suka saye ta. Suka zo da guduma da kurfi suka yi kwanaki suna yanka. Ƙarfen ƙafafunta aka yi gatura da fartanyoyi, rufin wani ya yi ƙyaure da shi. Malam bai tsaya an yi a gabanshi ba, ya tafi 'Yankara ya kwana biyu, ya dawo a kan sabon babur.

Bafulatanin kuwa mun neme shi. Da kaka Malam ya ɗauki buhun gero da turmin atamfa ya koma rafin, aka nuna mashi rugarsu. Ya karɓi geron, atamfar ya ce a kai wa uwar yaron, shi matarshi ba ta ɗaura irinta. Shekara uku ana wannan zumunci, in mun je garinmu mu biya, ya ɗauki yaron ya ɗora a wuyan wata saniya mai haƙuri, ya ba mu nono a ƙwarya. A ta huɗu muka je muka tarar da kufai, an ce sun yi kudu da shanunsu neman kiwo. Malam ya yi ta tambaya a kasuwannin shanu, wani ya ce ya gan su wajen Birnin Gwari, wani ya ce sun wuce nan. Ba mu sake jin labarinshi ba.